Gidan Madaki da ire-irensa: ta ina ake fara ceton tsohon gini da kafa gidan tarihi?

Wanda ya tashi daga Bauchi ya nufi Ningi sai ya ratsa Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa. A cikin garin akwai Gidan Madaki, ginin ƙasa da ake danganta shi da Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Tun 1956, kafin samun mulkin kai, aka sa gidan cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa. Garin yana bakin iyakar da Bauchi ta daɗe tana fafatawa da Ningawa, tun bayan da Malam Hamza da jama'arsa suka baro Tsakuwa ta ƙasar Kano a shekarun 1840 suka shige duwatsun Ningi. Wannan fafatawar ce ta sa Sarkin Bauchi Ibrahim, ɗan Malam Yakubu wanda ya kafa masarautar, ya koma Rauta da zama, kafin daga baya sarauta ta dawo cikin birni.

Garuruwan iyaka irin waɗannan, da tsofaffin kujerun sarauta da aka tashi aka bari, su ne suka fi riƙe da tsohon gini. Sarautar Gombe ta bar Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, ta bar Nafada zuwa Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919. Ta Katagum ta koma Azare a 1916. Inda kuɗi da mulki suka tafi, can aka rushe soraye aka zuba bulo. Inda aka bari a baya, rashin kuɗin rushewa ya tsare abin da ya saura, amma rashin kuɗin yaɓe yana cinye shi sannu a hankali. Ganuwar Bauchi da Malam Yakubu ya kewaye birnin da ita, mai tsawon kusan kilomita 10 da rabi, yau sai dai a nemi guntayenta. Sunayen ƙofofi irin su Ran, Wunti, Wambai, Jahun da Nassarawa sun fi katangar kanta daɗewa.

Duk sa'ad da aka tashi maganar mai da irin wannan gini gidan tarihi, kuɗin farko yakan tafi ga get, fenti, allon suna da akwatunan gilashi. An fara daga ƙarshe ke nan. Rufi da hanyar ruwa ne farko, littafin rajista na biyu, baje kaya na ƙarshe. Dalilin wannan jeri yana cikin yadda ginin ƙasa ke tsayuwa da yadda yake faɗuwa.

Yadda soro ke ɗauke da kansa

Bangon soro tubali ne da aka mulmula da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, aka shanya kamar mako biyu, aka jera shi tsaye cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa. Bangon yakan yi kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa yana hawa. Rufin kuwa azara ce, wato tsagin itacen giginya. Ɓangaren waje na tsohuwar giginya, mai duhu da tauri, shi ne azarar kirki da gara ba ta cika damu ba. Farin cikin nan mai taushi ba ya daɗewa, kuma da shi ake cutar mai saye a kasuwa. Azara ɗaya ba ta wuce tazarar mita biyu ɗauke da nauyin ƙasa ba tare da ta lanƙwasa ba. Duk gwanintar magina a kan wannan iyakar ta ginu: a fito da guntayen azara daga bango hawa-hawa don a rage tazara, a gitta wasu a kusurwa, ko a ɗaure su da igiya gaɓa-gaɓa a lulluɓe da ƙasa har su haɗu a sama su zama bakan gizo. Inda bakuna suka gitta juna suka ɗauki tulluwa, nan ake gane hannun gwani. A kan azara ake shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daɓe, sannan a shafe da laso.

Laso haɗi ne na katsin marina, wato lakar da ke kwanciya a gindin rijiyar rini, da gashin akuya daga majema da ruwan dafara mai yauƙi. Bango kuma akan shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Babu ɗaya cikinsu da ke zama har abada. Bayan 'yan shekaru sai an sabunta, shi ya sa gidan da ke da mutane a ciki yake daɗewa, wanda aka kulle aka tafi kuwa damina biyar ta ishe shi.

Abin lura shi ne azarar bakan gizo a ɓoye take cikin ƙasa. Ido ba ya ganin ruɓewarta. Rufi yana iya zama lafiya lau a gani alhali bakin azarar da ke cikin bango ya zama gari. A watan Agustan 2023 wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya rufto kan masallata, aka rasa rayuka. Duk mai niyyar shigar da ɗalibai arba'in cikin tsohon zaure ya tuna da wannan.

Ruwa ta sama, ruwa ta ƙasa

Bauchi na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma Agusta ne ƙololuwa. Rufin ƙasa yana jure wannan muddin ruwan bai kwana a kansa ba. Matsalar takan fara ne daga indararo. Leda ɗaya, ko sheƙar tsuntsu, ko ganyen darbejiya, sun isa su toshe shi. Ruwa ya taru a kusurwar da rufi ya haɗu da rawanin bango, ya sami tsaga ya bi, ya jiƙa daidai inda bakin azara yake. Danshi ya kira gara. Alamominsa a ciki sanannu ne: layin tabo mai duhu a saman bango, garin ƙasa mai laushi da ake tararwa a daɓe kowace safiya, hanyar gara da ta hau bango, da ƙarar holoƙo idan aka ƙwanƙwasa ƙafar baka da ɗan itace. Indararon da ya gajarta ma ɓarna ce, don ruwan bango yake bi ya sauka, ya haƙa kwari a jikinsa. Ya kamata ya fito aƙalla rabin mita, a kuma shimfiɗa duwatsu inda ruwan ke zuba don kada feshinsa ya koma gindin gini.

Akwai wani kuskure da ake yi da kyakkyawar niyya. Duk shekara idan rufi ya yi yoyo sai a ƙara masa ƙasa, ba a kankare ta bara ba. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana kai kusan tan biyu a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi. Ɗaki mai mita huɗu kowane gefe, idan aka ƙara masa kaurin santimita 10 kacal, an ɗora masa wajen tan uku. A yi haka sau uku, azarar da aka yanka don wani nauyi tana ɗauke da ninkinsa. Gyaran rufi da cirewa yake farawa: a kankare har a kai tsohon daɓe, a duba zana da azara, a canja abin da ya ruɓe, sannan a mayar da kauri da gangaren asali.

Ruwan ƙasa ya fi wuyar ganewa, kuma a garuruwan da aka yi wa titi da kwalbati shi ne babban mai kisa. Duk lokacin da aka yi ciko aka zuba kwalta, titi yana hawa, tsohon gida yana nutsewa. Za ka ga zauren da a da ake hawa matakala a shiga, yanzu gangarawa ake yi. Ruwan unguwa ya kwanta a gindin bango, ƙasa ta tsotse shi zuwa sama, ya bushe ya bar gishiri. Gishirin ne ke marmashe bango daga ƙasa zuwa kamar tsayin gwiwa, har gindi ya rame, sama ta rasa abin dogara. Fitsari a jikin katanga da turke dabbobi kusa da ita suna ƙara gishirin. Maganin ba shi da tsada. A gyara ƙasar da ke kewaye ta gangara waje, kamar santimita biyar a kowace mita, har tazarar mita biyu. A kawar da tulin shara da yashin da aka jingina wa bango. A janye famfo da wurin alwala nesa. Cediya ko durumin da ya tsiro a jikin gini a sare shi a kashe kututturen, kada a fizge saiwar, don da bangon za ta fito.

Daga nan sai siminti, wanda ya kashe tsofaffin gine-gine da sunan gyara fiye da yadda sakaci ya kashe. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitar da shi ta fuskarsa. Filastar siminti tana rufe wannan hanyar. Ba ta kuma miƙewa da tsukewa tare da ƙasa idan zafi da sanyi suka sauya, saboda haka takan tsage, ta rabu da bangon ta bar rata a baya. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita. Kamar sa wa mai gumi rigar leda ne. Daga waje gini na sheƙi, daga ciki taɓo ne, ƙusoshi da wayar kaji da aka kafa don riƙe filastar sun yi tsatsa. Ranar da za ta faɗo, da santimita goma ko fiye na bangon take tahowa. Fentin mai da tayil ɗin da ake mannawa a gindin bango duk hukuncinsu ɗaya. Daɓen siminti a cikin ɗaki ma yana kore danshin ƙasa zuwa bango.

Ba a ɓamɓare irin wannan filastar gaba ɗaya rana guda. Da rani ake yi, bayan an tokare rufi da itatuwa masu faffaɗan katako sama da ƙasa, a riƙa cire kamar mita ɗaya a bar mita ɗaya, a bar wurin ya sha iska makonni kafin a taɓa na kusa. Inda gindi ya rame sosai, ba a cike ramin da taɓo dunƙule guda, don zai tsuke ya rabu. Sai a sassaƙe wurin ya yi dandamali, a jera busasshen tubali, sashe-sashe.

Rumfar kwano a kan soro ana jayayya a kanta. Masu son asali suna ganin ta ɓata zankwaye da siffar gini, kuma gaskiyarsu. Amma ginin da ba a da kuɗin gyara shi bana, gara a rufe shi da kwano da a bar shi ga Agusta. Sharaɗin shi ne rumfar ta tsaya kan ginshiƙanta daban, ba a kafa ta cikin bango ba, ta zarce bangon sosai, a bar tazarar da iska da mutum za su shiga tsakaninta da rufin ƙasa. Illarta ita ce mantuwa. Da zarar an rufe, ba mai sake hawa, kwanon ya huje a wuri ɗaya ya yi shekara uku yana ɗiga a kan baka ɗaya.

Kafin a taɓa komai, a auna ginin a zana shi, a ɗauki hoton kowane bango ciki da waje da ma'auni a jiki. Sashen nazarin zanen gine-gine na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana nan cikin Bauchi, kuma wannan aiki ne da ɗalibai za su iya yi ƙarƙashin malaminsu. Kowace tsaga a sa mata alama biyu, ɗaya kowane gefe, a rubuta kwanan wata, a riƙa auna tazarar duk wata har shekara ta zagayo. Tsagar da ke buɗewa da rani ta rufe da damina tana numfashi ne kawai. Wadda ke ƙaruwa ba ta komawa, musamman a kusurwa ko inda baka ya sauka, tana cewa bango na kifewa waje, kuma wannan ɗakin a rufe shi ga baƙi.

Ƙasar gyara mafi dacewa ita ce wadda ta zubo daga ginin kansa, in ba ta gindi mai gishiri ba ce. Idan za a kawo sabuwa, a gwada ta: a zuba sulusin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye kwana guda. Yashi zai kwanta ƙasa, laka a sama. Laka ta yi yawa, yaɓe ya tsattsage. Ta yi kaɗan, ya zube da shafar hannu. A yi gwaji uku a wani ɓoyayyen bango da ma'aunin yashi da ciyawa daban-daban, a jira su bushe, a zaɓa. Kwaɓin kirki ana jiƙa shi a tattake a bar shi ya kwana biyu, a sake, har ciyawar ta yi laushi. A yayyafa wa bango ruwa kafin yaɓe, kada kauri ɗaya ya wuce santimita biyu, kuma a yi wa wurin inuwa da zana idan hunturu ya yi ƙarfi, don bushewar gaggawa tsagewa take kawowa. Aikin daga Nuwamba yake kamawa, rufi kuma ya kammala kafin ƙarshen Afrilu. Katsi da azara a nema tun da wuri. Marinu sun ragu, tsofaffin giginyu ma haka, kuma maginin da ya taɓa ɗaura bakan gizo da hannunsa ya fi su duka wuyar samu. Duk kwangilar da ba ta tanadi matasa biyu ko uku da za su yi aiki a ƙarƙashinsa ba, gyaran shekara biyar kawai ta saya.

Ta fuskar doka, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana a rushe ko a sauya ginin da aka ayyana ba da izininta ba, ta kuma hana fitar da kayan tarihi waje ba da takarda ba. Kayan hannun da aka ƙera kafin 1918 suna cikin abin da dokar ta kira kayan tarihi. Sai dai yawancin zaurukan hakimai, tsofaffin masallatai, kotunan alƙalai da tashoshin jirgin ƙasa na layin da ya iso Bauchi da Gombe a farkon shekarun 1960 ba a ayyana su ba. Kariyarsu tana hannun masu su.

Littafi kafin gilashi

Gidan tarihin ƙaramin gari ba ya rasa kaya. Da zarar hakimi ya yi magana za a kawo takubba, masu, garkuwa, sulke, kwalkwali, likkafa, tsofaffin kuɗi, gafaka cike da takardu. Abin da ake rasawa shi ne labarin kowane ɗaya, kuma ranar karɓa ce kaɗai ake iya samunsa cikakke. Takobin da ba a san na wane ne ba, ƙarfe ne kawai. Saboda haka littafin rajista ya riga kantar baje kaya zuwa. Ya zama ɗinkakke mai lambar shafi, wanda ba a iya cire takarda daga ciki. Kowane abu da lambarsa mai kashi uku: shekara, rukunin da ya zo ciki, da matsayinsa a rukunin. Lamba 2025.4.2 tana nufin abu na biyu cikin kaya na huɗu da aka karɓa a 2025. A rubuta wanda ya kawo, daga wane gida, me ake yi da shi, wa ya faɗi haka, girmansa, da lahanin da ya zo da shi. A ɗauki hoto da lambar a gefe. Lambar a rataya ta da zaren auduga, a takarda kuma a rubuta da fensir a gefe. Maka da fentin gyaran rubutu ba sa fita. Kwafin littafin ya kwana a wani gini daban.

Sai a bambance kyauta da aro, a rubuce, da shaidu. Yawancin waɗannan kayan gado ne da ba a raba ba. Dattijo ya bayar da zuciya ɗaya, bayan rasuwarsa magada su zo nema, a rasa takardar da za a nuna. Aro ya kasance da wa'adi, kamar shekara biyar, a sabunta. Akwai kuma kayan da har yanzu suna aiki: tambura, kakaki, lifidi da sirdin da ake fitarwa hawan sallah. Hana fitar da su rigima ce da ba za a ci ba, kuma ba daidai ba ce. A buɗe musu shafin fita da shiga, a duba su kafin da bayan, a shanya lifidi a inuwa ya bushe daga gumin doki kafin ya koma ma'aji. Layu da guraye ba a farke su don a ga abin da ke ciki.

Yanayinmu yana da gefe biyu masu cutarwa. Da damina danshin iska yakan haura kashi 70 cikin ɗari, fumfuna ta kama fata da takarda cikin kwanaki. Da hunturu yakan faɗi ƙasa da kashi 20, fata ta ƙeƙashe, itace ya tsage, fatar ganga ta yage. Ɗakin ƙasa mai kauri yana rage wannan hawa da sauka fiye da ɗakin bulo mai kwano, in dai ba ya yoyo. Na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki awa uku ta mutu awa goma ta fi rashinta illa. Akwatin gilashin da aka rufe ruf cikin Agusta yana kulle danshin ne tare da kayan. Kantoci su ɗaga santimita 15 daga ƙasa, su kuma bar rata tsakaninsu da bango yadda za a ga hanyar gara tun tana sabuwa. Alkyabba da babbar riga ba a rataye su a ƙusa, nauyinsu ne ke yaga kafaɗa. A shimfiɗe su, a sa tsumman auduga mai tsabta a lanƙwasar. Hasken rana kai tsaye yana cinye rini da tawada, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa. Takobi mai tsatsa ba a goge shi da sanfefa har ya yi ƙyalli, don da tsatsar ake share rubutu da alamar maƙeri. Burushi mai laushi da ɗan mai kaɗan sun isa.

Kayan da suka zo da asu ko ƙwaro a ware su tun a ƙofa. Fesa fiya-fiya yana ɓata kayan, yana cutar ma'aikaci. Tufafi akan kulle su cikin leda a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda, a bar su su huce cikin ledar kafin a buɗe. Wannan sai inda wuta ba ta yankewa, kamar firiza mai sola. Ganguna da kayan da aka haɗa da danko ko kakin zuma ba su shiga wannan sahun.

Takardun ajami da na Larabci su suka fi kowane abu saurin lalacewa a hannun masu son gyara. Warwara suke, ba ɗinki, kuma jerinsu yana dogara da kalmar da marubuci ke sawa a ƙasan shafi don nuna farkon na gaba. A sa musu lamba da fensir yadda aka same su kafin wani ya ce zai jera su daidai. Tawadar gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, ɗigon ruwa ɗaya yana narkar da ita, don haka hannu ya bushe sarai. Salatif yana barin tabon da ba ya fita. Laminatin kuwa hukuncin kisa ne, don zafi da gam sun shiga takardar ke nan har abada. A ɗaga takarda ga haske: da yawa za a ga tambarin jinjirin wata uku, alamar takardar Italiya da fatake suka riƙa kawowa ta Sahara, kuma wannan yana taimaka wa masana wajen kimanta zamaninta. Hoto da waya mai kyau ya wadatar in an kafa ta a kan mariƙi, ba filasha, da ma'auni a gefe. A ajiye kwafi uku a wurare daban, mai takardun ma a ba shi nasa. Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, dukansu a Kaduna, suna da takardun lardin Bauchi da za a iya gwada labarin baka da su.

Abin da za a faɗa wa baƙo shi ne ya fi wuya a garin iyaka. Jikokin waɗanda suka tsare ganuwa da jikokin waɗanda suka kawo hari yau kasuwa ɗaya suke ci, aji ɗaya 'ya'yansu suke zama. Allon da ya kira wani ɓangare jarumai ya kira ɗayan 'yan fashi ya kori rabin maziyartansa, kuma bai faɗi gaskiya duka ba. A Kafin Madaki Ningawa mahara ne, a Ningi kuwa labarin na mutanen da suka ƙi miƙa wuya ne, tare da Butawa da Warjawa da sauran mazauna duwatsun. Dukan ɓangarorin sun kama mutane sun bautar. Inda ruwayoyi suka saɓa, a rubuta biyun, a faɗi daga bakin wa kowace ta fito. Haka ake yi da Bormi ta jihar Gombe, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi a yaƙi da Turawa a 1903: rahoton sojan Ingila daban, abin da mutanen yankin suka riƙe daban. Tarihin kuma kada ya tsaya ga sarakai da yaƙi. Maƙera, marina, masaƙa, matan da ke kaɗi da daɓe, da maginan da suka ɗaga soron da baƙo ke tsaye a ciki, duk suna da gurbi. Bayanin kowane abu ya zama gajere, layi huɗu ko biyar, da Hausa a sama, boko da ajami, Turanci a ƙasa.

Kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, wanda aka buɗe a 1979, ya nuna yadda gini ke ba da labari da kansa: mai ziyara yana bi ta hanya mai duhu kafin ya fito fili inda kabarin yake ba rufi. Tsohon zaure bai buƙaci a ƙirƙira masa irin wannan ba. A bar ɗaki ɗaya fayau ba kaya, a sa tabarma, mutane su zauna su ɗaga kai. A wani lungu a ajiye tubali, guntun azara mai kyau da marar kyau, curin katsi da ɓawon ɗorawa, yara su taɓa.

Saura maganar makulli. Gini ɗaya yakan kasance iyali na zaune a bayansa, masarauta na ganin nata ne, ƙaramar hukuma na biyan mai gadi, hukumar tarayya kuma na da shi a jerinta. Kowa na da iko, ba wanda yoyo ya zama dolensa. Yarjejeniya ta shafi biyu ta isa, in ta ambaci muƙamin wanda zai hau rufi a watan Afrilu da bayan kowane babban ruwa, da wanda ke riƙe da rajista, da mutum biyun da sai sun haɗu ake buɗe ma'aji, da asusun da kuɗin tikitin makarantu zai shiga. Kuɗin yaɓe da laso a rubuta shi a kasafin kowace shekara da sunansa, a kuma fitar da shi a Oktoba, lokacin da ƙasa ke da sauran laima kuma magina ba su watse zuwa cirani ba.